Ƙaro, Tawada da Hanyar Gabas: Gudummawar Binciken Jami'o'i ga Tarihin Potiskum

1.0 Gabatarwa

Tsarin jami'a ya raba ilimi sashe-sashe, kowane sashe da shugabansa da mujallarsa da keɓaɓɓun kalmominsa. Wannan tsari yana sauƙaƙa koyarwa, amma yakan sa masana uku su yi shekaru suna nazarin abu guda ba tare da ɗayansu ya ga aikin ɗan'uwansa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna haka ta hanyar bin diddigin ƙaro da tawadar da ake haɗawa da shi, da kuma hanyar da ta ratsa garin Potiskum na Jihar Yobe. Za a dubi abin da fannoni uku suka gano: kimiyyar sinadaran da ake samu a jikin tsirrai da dabbobi, da tarihin addini, da nazarin alƙaluman sufuri. Daga nan za a nuna cewa sunayen da al'umma ta ba waɗannan abubuwa su ne ke haɗa sakamakon fannonin uku, don haka akwai aikin da ya rataya a wuyan masanin harshe.

2.0 Potiskum da Matsayinta a Tarihi

Potiskum, wadda Hausawa kan kira Fataskum, tana kimanin kilomita 100 yamma da Damaturu. Ƙasa ce ta Ngizim da Karekare da Bolewa da Ngamo, waɗanda harsunansu duka 'yan'uwan Hausa ne a reshen yamma na iyalin harsunan Cadi. Fulani da Barebari da Hausawa sun zauna tare da su, kuma Hausa ce ta zama harshen kasuwa da tasha.

Yankin ya daɗe a kan iyakar manyan dauloli. Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarshen ƙarni na 15, kufansa yana cikin Jihar Yobe ta yau, kusa da Gaidam. Limami Ahmad bn Furtu, wanda ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a ƙarni na 16, ya ambaci Ngizim a cikin waɗanda sarkin ya kai wa yaƙi. Bayan faɗuwar Ngazargamu a hannun masu jihadi a 1808, masarautar Bolewa ta Fika ta ci gaba da zama da gindinta, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, duk da maƙwabtakarta da Gombe ta Buba Yero. A 1924, zamanin mulkin Turawa, aka ɗauke hedikwatar masarautar daga garin Fika aka mai da ita Potiskum, wadda ke bakin babbar hanyar zuwa Maiduguri. Garin ya kasance cikin Jihar Arewa maso Gabas daga 1967, ya koma Jihar Borno a 1976, sannan ya shiga Jihar Yobe da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991.

3.0 Ƙaro a Ɗakin Gwaji

Ƙaro danƙo ne da ke tsattsafowa daga jikin wasu itatuwa masu ƙaya idan aka ji wa ɓawonsu ciwo. Ana tsaga itacen da rani bayan ganye ya fara zuba, a bar shi 'yan makonni, sannan a dawo a tsinci curin da ya daskare. Mafi daraja shi ne na dakwara, wadda masana tsirrai suka daɗe suna kira Acacia senegal, sai na dushe, wato Acacia seyal. A kasuwar Nijeriya ƙaron dakwara shi ne lamba ɗaya, na dushe lamba biyu, sannan gaurayen da ake samu daga wasu itatuwa shi ne lamba uku. Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, Cadi da Nijeriya suna biye, kuma Yobe da Borno da Jigawa suna cikin jihohin da suka fi shahara da shi. Saboda haka ne Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya, wadda ke kusa da birnin Benin, ta buɗe reshen binciken ƙaro a Gashuwa.

Tun daga shekarun 1960 D.M.W. Anderson na Jami'ar Edinbara da ɗalibansa suka duƙufa wajen warware ƙirar wannan danƙo. Binciken ya tabbatar da cewa ƙaro doguwar sarƙa ce mai rassa, wadda aka gina da nau'o'in sukari guda uku, wato galaktos da arabinos da ramnos, tare da asid ɗin gulukuronik, da ɗan furotin da bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 ba a ƙaron dakwara. A ƙarshen shekarun 1980 Randall da Phillips da Williams suka rarrabe ƙaron gida uku, suka nuna cewa wani ɓangare da bai fi kimanin kashi 10 cikin 100 ba, wanda sukari da furotin suka harɗe a cikinsa, shi ne ke riƙe ɗigon mai a cikin ruwa ya hana su rabuwa. Wannan hali ne ya sa masu yin lemon kwalba da alewa da magunguna ke sayensa, har aka ba shi lambar E414 a jerin abubuwan da ake ƙarawa cikin abinci.

Akwai kuma gwajin da ke bambanta ƙaron itatuwan biyu. Idan aka narka ƙaro aka ratsa ruwan da tacaccen haske, na dakwara yana karkata hasken zuwa hagu, na dushe kuwa zuwa dama. Abin lura shi ne, mai tsintar ƙaro a daji ya riga ɗakin gwaji yin wannan rabe-rabe, domin ya ba kowane itace sunansa, kuma ya san wane ƙaro ne ke daskarewa da tauri, wane ne ke marmashewa. Sunayen masana ma ba su tsaya wuri ɗaya ba: bayan taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbon a 2011, dakwara ta koma Senegalia senegal, dushe ya koma Vachellia seyal. Sunan Hausa bai motsa ba.

4.0 Daga Ƙaro Zuwa Tawada

Tun kafin masana'antun Turai su san darajar ƙaron wannan yanki, makarantun allo suna aiki da shi. Tawadar allo gawayi ce ko baƙin tukunya da aka niƙa aka dama da ruwan ƙaro. Gawayi ba ya narkewa a ruwa. Ƙaron ne ke riƙe ƙwayoyinsa kada su kwanta a gindin kurtu, shi ne kuma ke manna su a fuskar allo idan rubutu ya bushe. Da yake ƙaro yana narkewa da zarar ya ji ruwa, sai wankin allo ya zo da sauƙi. Ɗalibi ya hardace, ya wanke, a yi masa ƙari. Haka nan rubutun sha ya yiwu ne domin abin da ke cikin tawadar, gawayi da ƙaro, ba ya cutar da ciki idan aka sha kaɗan.

Rubutun da ake so ya dawwama a takarda yana buƙatar wani haɗi dabam. Ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne a jiƙa 'ya'yan bagaruwa, waɗanda ke ƙunshe da sinadarin tanin da majema ke jima da shi, a haɗa ruwan da ƙarfe. Tanin da ƙarfe sukan haɗu su ba da launi mai duhu wanda ke ƙara baƙi idan ya sha iska, ya kama zaren takarda ta yadda ruwa ba ya wanke shi. Irin wannan haɗi ne dukawa ke yin kuloko da shi don baƙanta fata. Aibinsa shi ne, idan ƙarfe ya yi yawa, da tafiyar shekaru rubutun kan rikiɗe ya yi ja-ja, har ya ci takardar. Michaelle Biddle ta Jami'ar Wesleyan da ke Amurka ta wallafa nazari a 2011 a kan tawadar rubutattun littattafan Arewacin Nijeriya, inda ta gwama hanyoyin haɗi na gargajiya da gwajin zamani, ta kuma nuna cewa da yawa daga tsirran da ake haɗa tawada da su magunguna ne a wurin jama'a.

A nan ne kimiyya ta haɗu da tarihin addini. Musulunci ya shiga fadar Kanem tun ƙarshen ƙarni na 11, zamanin Mai Hume, kuma Borno ta yi suna wajen hardar Alƙur'ani da rubuta shi da hannu a ruwayar Warshu, baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya. A 1960 A.D.H. Bivar ya ba da labarin wasu tsofaffin Alƙur'anai na Borno, ɗaya daga ciki yana ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1669. Daga baya Dmitry Bondarev, a Landan sannan a Hambag, ya yi nazarin bayanan da aka rubuta a tsakanin layukansu, ya nuna cewa da wani tsohon nau'in Kanembu aka yi su, wanda ke da dangantaka da harshen tarjamo da malaman Borno ke fassara da shi. Ita kanta takardar tana da shaidar tafiyarta: mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ta cika littattafan ƙarni na 19, daga arewacin Italiya ake yin ta, ta biyo ta Tarabulus ko Masar ta ƙetaro Sahara. Ke nan shafi guda na Alƙur'ani yana iya ɗauke da ƙaron dajin Yobe da takardar Italiya da harshen Kanem a lokaci ɗaya.

5.0 Hanyar Gabas da Tsoron Mahadiyya

Hanyar da ta bi ta Potiskum zuwa Borno ita ce Hausawa ke kira hanyar gabas. Almajirai sun bi ta don neman karatu, alhazai kuma sun bi ta a ƙasa zuwa Makka, ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Abeshe da Darfur, har gaɓar Bahar Maliya. Umar al-Naƙar na Jami'ar Khartum a 1972, da John Works a 1976, da J.S. Birks a 1978, da C. Bawa Yamba a 1995, duk sun rubuta littattafai a kan waɗannan matafiya da zuriyarsu da suka zauna a Cadi da Sudan.

Wannan hanya ta tayar wa Turawan mulki da hankali, domin ta nan aƙidar Mahadiyya ta shigo daga Sudan, kuma ba su manta da yaƙin Burmi na 1903 ba, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a kan hanyarsa ta hijira zuwa gabas. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, Shaihu Sa'idu ɗan Hayatu, wanda nasabarsa ta kai ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya zauna a Dumbulwa cikin ƙasar Fika, jama'a suka yi ta taruwa a wurinsa. A 1923 Turawa suka kama shi, suka kai shi Buya ta ƙasar Kamaru, bai dawo ba sai a tsakiyar shekarun 1940, inda ya zauna a Kano har rasuwarsa a 1978. C.N. Ubah, a wata maƙala ta 1976, ya ɗauki matakin da aka ɗauka a Dumbulwa a matsayin wuce gona da iri, sannan Asma'u Garba Sa'id ta rubuta kundin digiri na uku a kan rayuwar Shaihun a Jami'ar Bayero a 1992.

Shekara guda bayan kama Shaihu Sa'idu aka mai da hedikwatar Fika bakin hanya. A tsakiyar shekarun 1920 kuma aka tura jami'in mulki G.J. Lethem ya bi sawun alhazai har Sudan da Jidda, kuma rahotonsa tare da na G.J.F. Tomlinson ya fito a 1927. A wannan zamani ne aka tsaurara batun takardun tafiya ga maniyyata. Sakamakon haka, rubutattun bayanai a kan masu bin hanyar gabas a farkon mulkin mallaka sun samu ne daga hannun masu sa ido saboda tsoro. Duk manazarcin sufuri da zai yi aiki da su dole ya san haka, domin wanda ke gudun a tsare shi ba ya bi ta gaban mai ƙidaya.

6.0 Garin da Jirgin Ƙasa Ya Tsallake

Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya janye fatu da gyaɗa da ƙaro da dabbobin arewacin Borno zuwa can. Layin Borno, wanda aka gina daga 1958 zuwa 1964, ya tashi daga Kuru ya bi ta Bauci da Gombe da Buni Yadi zuwa Maiduguri. Ɗaya ya wuce ta arewa, ɗaya ya wuce ta kudu, Potiskum ta rage a tsakiya ba tashar jirgi. Abin da ta samu shi ne mararraba: hanyar Kano ta Azare, da hanyar Jos ta Bauci, da ta Gashuwa, da ta Gombe ta Fika, da ta Damaturu da Maiduguri. Da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe daga shekarun 1980, dakon kaya ya koma kan manyan motoci, sai garin ya shahara da masu tirela da direbobi da makanikai. Kasuwar shanunsa, wadda ke ci ranar Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma daga nan ake lodin dabbobi zuwa kudancin ƙasar. Ƙaron da ya fito daga wajen Damaturu da Borno ya nufi 'yan kasuwar Kano shi ma ta nan yake wucewa.

Nazarin sufuri yana dogara ne da ƙidayar motocin da ke wuce wani wuri a ƙayyadadden lokaci, da tambayar direbobi inda suka taso da inda suka nufa da abin da suka ɗauko, da kuma kundin haɗurra. An kafa Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya a Zariya a 1986, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma irin waɗannan alƙaluma suna cikin aikinsu. Sai dai alƙaluma ba sa fassara kansu. Lodin ƙaro na rani ne, na hatsi ya fi yawa da kaka, na raguna yana bin watan Babbar Salla, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Wanda ya jera alƙaluman shekaru goma a kan watannin Turawa kaɗai zai ga hawa da sauka da ba zai gane dalilinsu ba. Haka nan harin da aka kai kasuwar shanu ranar 2 ga Mayu, 2012, da dokar ta-ɓaci da aka kafa a Adamawa da Borno da Yobe a Mayun 2013, da shingayen bincike da suka biyo baya, sun canza lokacin tafiya da tsawonta. Wanda bai san tarihin rikicin ba zai ɗora laifin jinkirin a kan lalacewar kwalta.

7.0 Shaidar Harshe

A 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa kalmomin karatu da rubutu da kasuwa sun shigo Hausa ne ta hanyar Barbarci, abin da ke tabbatar da cewa ilimin addini da ciniki sun taho daga gabas. Allo da alƙalami daga Larabci suke, takarda da tawada kuwa suna ɗauke da ɗafa-goshin ta- na harsunan Buzaye, alamar ayarin Sahara. Mota da tirela da direba da tasha na zamanin Turawa ne, yayin da karen mota da ɗan kamasho ƙirar tasha ce ta cikin gida. Kowane rukuni na kalmomin nan ya yi daidai da wani zamani na tarihin hanyar.

Potiskum ta ci moriyar irin wannan bincike fiye da garuruwa da yawa. Russell Schuh ya zauna a garin daga 1969 zuwa 1970 yana nazarin Ngizim, ya yi aiki a kan Bade a Gashuwa daga 1973 zuwa 1975 ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, ya fitar da ƙamusun Ngizim a 1981. Daga 2001 shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe, wanda ya samar da ƙamusoshin Bade da Bole da Karekare da Ngamo da Ngizim a 2004, aka buga su a Potiskum, aka sake fitar da su da ƙari a 2009 tare da na Duwai. Schuh ya nuna cewa tsofaffin kalmomin aro a Bade da Ngizim na Barbarci ne, sababbin kuwa na Hausa. Wannan sauyi shi ne sauyin hanyar kanta, daga lokacin da yankin ke fuskantar Ngazargamu da Kukawa zuwa lokacin da motoci suka juya shi ya fuskanci Kano.

Amfanin waɗannan ƙamusoshi bai tsaya ga masu nahawu ba. Mai gwada ƙaro a ɗakin gwaji yana karɓar samfur ne daga kasuwa da sunan da mai sayarwa ya faɗa masa. Idan sunan itace guda ya bambanta daga Karekare zuwa Barbarci zuwa Hausa, ko suna ɗaya ya ƙunshi itatuwa biyu, sakamakon gwajin zai tafi da kuskure. Mai ƙidayar kaya yana rubuta buhu ko mudu ko tiya, alhali girmansu yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Mai tarihi kuma yana karanta rahoton Bature wanda ya ji magana ta bakin tafinta.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa curin ƙaro guda ya ratsa fannoni uku: masanin sinadarai ya san ƙirarsa, masanin tarihi ya san littafin da aka rubuta da shi, masanin sufuri ya san motar da ta ɗauke shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, masu sayen ƙaro na duniya suka ƙara mai da hankali ga sauran ƙasashen da ke samar da shi, don haka bincike a kan ƙaron Yobe zai ƙaru. A ɗaya gefen kuma, tawadar kanti da bugaggen Alƙur'ani suna rage masu haɗa tawada da hannu, kuma Schuh ya rasu tun 2016. Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Jihar Yobe da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha a Potiskum suna kusa da fagen. Abin da ya kamata sassan harsunan waɗannan makarantu su fara da shi shi ne tattara sunayen itatuwan ƙaro da hanyoyin haɗa tawada da ma'aunan kasuwa da kalmomin tasha, a Hausa da Barbarci da harsunan yankin, kowace kalma da garin da aka ji ta da shekarar da aka rubuta ta, tun masu ilimin suna raye.